Rasuwar Auta, Samfur Mai Lulluɓin Titaniyam

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, iyalan Malam Dalhatu na Ɗanzomo da iyalan Malam Zulkifli na Gumel suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar Samfur Mai Lamba Huɗu, wanda aka fi sani da Auta. Ya rasu ranar Talatar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin gwaji na wata jami'a a birni, bayan jinyar kwana uku. Shekararsa huɗu da wata biyu a duniya. Faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, nauyinsa bai kai na ƙwayar gyaɗa ba, amma ya tafi da shekara bakwai na rayuwar uwar riƙonsa, Malama Haulatu, mai koyar da fiziks a Gumel, 'yar Malam Dalhatu kuma matar Malam Zulkifli. A kansa ta ɗora karatunta na digirin dakta. Shekara bakwai ne iyakar wa'adin da jami'ar ke bayarwa, kuma ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai zauna ya duba ko a ƙara mata lokaci ko a soke sunanta. Halin da marigayin ya bar ta a ciki ke nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, kuma suna da yawa domin bai cika fita ba, ga bayaninsa. Ɗan gutsuren silikon ne da aka shuka wa siraran bututun kabon a kai, waɗanda masana ke kira nanotub. Ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Sai an haɗa dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda. Abin da ido ke gani wani baƙin tabo ne kawai, baƙi ƙirin, marar sheƙi. Amma a hoton da Malama Haulatu ta ɗauka da na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, a tsaye suke cirko-cirko kamar gero a tsakiyar damina, kowane da tsininsa yana duban sama.

Aikinsa shi ne a sa shi cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki kaf, a ajiye faranti a gabansa da tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba, sannan a riƙa ƙara ƙarfin wuta a hankali. Ƙarfin yakan taru a tsinin kowane bututu, domin tsini yake so, har ya fizgo 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron. Su kuma su yi tsalle su faɗa kan farantin, farantin ya yi haske kore. Ba a hura masa wuta, ba a ɗumama shi. A sanyinsa yake bayarwa, kuma wannan ce babbar ɗabi'arsa ta kirki. Uwar riƙonsa takan ce da irinsa za a iya ƙera ƙaramar na'urar hoton ƙashi, wadda za a ɗaure a bayan mashin a kai asibitin ƙauye, maimakon a ɗauko mai karaya a yi ta jijjiga shi a hanya har Gumel. In ta fara wannan bayani a gidan suna, mata kan nemi hanyar tashi ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta ma lura.

Su huɗu aka haifa rana ɗaya a tanderu ɗaya, a wata ƙasar Asiya inda Malama Haulatu ta yi wata shida a shekara ta uku ta karatunta. Tambayar da ta kai ta can guda ɗaya ce: idan aka lulluɓe bututun nan da siririn ƙarfe, za su fi saurin sakin elektron? Za su fi jure aiki? Kuma wane ƙarfe ne? Domin ƙarfe na iya sauƙaƙa wa elektron hanyar fita, yana kuma iya toshe ta. In lulluɓin ya yi kauri sai ya dakushe tsinin, in tsini ya dakushe kuwa ƙarfin wuta ba shi da inda zai taru.

Babban wansa tsirara aka bar shi, don a samu wanda za a gwada sauran da shi. Sai mita ta nuna dubu da ɗari biyu yake fara haske, hasken ma yana rawa, bayan awa biyu kuma tsininsa suka shiga ƙonewa. Na biyu aka yi masa rigar zinariya, kowa ya zo kallo har masu shara. Sai dai zinariya ba ta yarda ta kwanta a jikin kabon ba, ta dunƙule ɗigo-ɗigo. Ya haskaka da ɗan wuri, ya yi ta hawa da sauka yadda ya ga dama, da aka ƙara wa rigar kauri sai ya dakushe gaba ɗaya. Kyau ne kawai da shi. Na uku mai alminiyam, da ya sha iska sai rigarsa ta yi wata fata wadda lantarki ba ya ratsawa, ya ƙi cewa uffan sai an matsa masa fiye da yadda ake matsa wa tsiraran. Dukansu uku an auna su an sake aunawa, sun cika shafuka, sun mutu a bakin aiki ba wanda ya yi musu kuka.

Shi Auta rigarsa ce ta makara. Titaniyam bai iso ɗakin gwajin ba sai a makonta na ƙarshe a ƙasar. Da aka lulluɓa masa sai ya kwanta luf, ya kama shi tun daga gindi har tsini, siriri, bai dakushe komai ba. Ana gobe za ta hau jirgi ta samu aka ba ta tukunyar. Mita na kan ɗari shida da hamsin farantin ya yi kore shar, kusan rabin abin da wansa ke buƙata. Hasken bai yi rawa ba. Minti arba'in yana tsaye ƙyam, har mai rufe ɗakin ya zo yana kaɗa makullai. Malama Haulatu ta zauna a kan kujerar roba ta yi kuka a gaban baƙin mutane, ba ta ji kunyar kowa ba.

Da ta dawo ta nuna wa Farfesan da ke duba aikinta, sai ya ce, "Gwaji ɗaya ba hujja ba ne, Haulatu. Ki maimaita sau uku, sannan ki bar shi awa goma mu ga ko zai riƙe. In ya riƙe, kin gama."

Ta ɗauka abin mako biyu ne, tun da jami'ar na da irin tukunyar. Ashe famfon da ke zuƙe mata iska ya lalace tun tana can. Gyaran famfon nan shekara huɗu ya ci. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, Allah Ya san su.

Haka Auta ya zo ya zauna a Gumel, a cikin ɗan akwatin roba mai murfin gilashi, a can saman durowa, sama da inda uwar gida ke ajiye sarƙarta. A shekara huɗun nan bai taɓa neman caji ba, bai nemi mai ba, bai tashi kowa daga barci ba. Abu biyu kawai ya roƙa: kada danshi ya taɓa shi, kada hannu ya taɓa shi. Ko numfashi ba a yi a kansa. In za ta duba shi sai ta ɗaure baki da hanci, ta sa safar hannu, ta ɗauke shi ta gefe da ɗan hantsaki. Sautinsa ɗaya da mutanen gidan suka sani shi ne na murfin, ƙwas in an buɗe, ƙwas in an rufe, shi ma bai fi sau biyu a wata ba.

Mun san akwai masu karanta wannan sanarwa suna murmushi. Su yi. Ba su ga ranar da matar nan mai 'ya'ya uku ta bar taron biki a tsakiya, takalmi a hannu, don ta ga hadari ya haɗo ta tuna ba ta rufe tagar ɗaki ba. Ba su ga Malam Zulkifli, babban mutum mai ofis a Maigatari, yana bin rumfunan masu takalma ranar kasuwa yana roƙon a tara masa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a cikin kwali ba. Har suna suka sa masa, wai Mai Gishirin Takalmi. Yakan kawo su a aljihu, ita kuma ta gasa su a kan kasko su bushe, ta jera wa Auta a gefe. Damina huɗu suka ratsa a haka. Sau biyu a shekara takan kai shi birni a duba shi, a ce yana nan yadda yake, ta dawo ta raba wa maƙwabta alewa ba tare da ta faɗa musu dalili ba.

Sai ga shi a farkon watan nan Malam Ubale, mai kula da na'urorin ɗakin gwajin, ya kira ta. Famfo ya tashi. An ba ta Litinin da Talata da Laraba. Saura mako uku wa'adinta ya cika. Ta yi sujadar godiya a tsakar gida, ta fara haɗa kaya.

A nan jinyar ta soma, kuma dole mu faɗe ta yadda take. Duk wanda ya tashi a gidan Malam Dalhatu ya san dokar gidan. Ba mai fita jarrabawa, ko tafiya, ko fara sana'a, sai ya kawo kayan aikinsa ya ɗora a tafin Malam. Malam ya karanta abin da ya sauwaƙa, ya tofa sau uku, ya shafa da hannun dama, ya mayar wa mai shi. Biron da Haulatu ta rubuta jarrabawar firamare da shi ya bi ta tafin nan. Fasfonta ya bi. Makullin motar Zulkifli ma ya bi. Ba a taɓa ganin sharri a ciki ba, kuma ba wannan sanarwar ce za ta ce an gani ba.

Ranar Asabar ita da mijinta suka tafi Ɗanzomo sallama. Tun daga Gumel take shirya abin da za ta ce. Za ta miƙa akwatin a rufe, ta ce, Baba, wannan ba a buɗe shi. Magana ce ƙarama. Ta maimaita ta a mota ya fi sau goma, Zulkifli yana gyara mata inda ta yi kaifi. Suka tarar da Malam a zaure a kan buzunsa, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya, yanar ido ta cinye masa fiye da rabin gani. Suka durƙusa suka gaisa. Ta ɗora masa akwatin a tafi. Ya jujjuya shi, ya kawo shi daf da fuska, ya girgiza kai.

"Ni gilashi kawai nake ji a hannuna," in ji shi. "Shekara nawa ina jin labarin abin nan ban san kamanninsa ba? Buɗe mini shi, 'yar nan."

Mutumin nan shi ne wanda, lokacin da ƙannensa suka ce 'yar malami ta isa haka da boko tun da ta gama sakandare, ya ce musu, ku bar ta, ilimi duk na Allah ne. Shi ya raka ta tasha da kansa ranar da za ta fara jami'a. A shekara arba'in da ta yi a duniya ba ta taɓa ce masa kada ba, ba ta ma san yadda kalmar ke fita a gabansa ba. Ta miƙa hannu.

Ƙwas.

Malam ya yi karatu mai tsawo, wanda ya fi na biro da na fasfo, domin ya san wannan ce babbar. Ya sunkuya ya tofa sau uku. Sannan, da yake mai raunin gani da yatsa yake kallo, ya sa babban yatsansa na dama ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Hannun Haulatu ya ɗaga, ya tsaya a iska, ya koma kan cinyarta. Zulkifli ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Malam ya ɗago yatsan, ya kai shi kusa da ido, ya shinshina.

"Ikon Allah. Ashe baƙin tukunya ne, irin wanda muke dama tawada da shi." Ya yi dariya, ya goge yatsan a jikin buzu. "Allah Ya sa albarka, Ya ba da sa'a, Ya dawo mana da ke da abin da kika je nema."

"Amin, Baba," in ji ta.

Muna so a fahimce mu da kyau. Addu'a ba ta kashe kowa ba, addu'a ta hau inda take hawa. Abin da ya sauka a kan Auta danshi ne da yatsa. Ɗigon ruwa in ya faɗa tsakanin bututun nan, yana bushewa yana janyo su su manne da juna dunƙule-dunƙule, ba sa sake miƙewa. Inda yatsa ya bi kuma sun kwanta kamar geron da iska ta bi ta kai, kawunansu da rigar titaniyam ɗin da ke kai sun tafi a jikin fata. Haulatu ta san wannan tun kafin ta rufe murfin. A hanyar komawa, da suka hango fitilun shiga Gumel, ta ce wa mijinta, "Wataƙila gefe ya tsira." Ya ce, "In sha Allahu." Shi ma ya san ba don ya yarda ya faɗa ba.

Lahadi ta tafi birni. Litinin Malam Ubale ya karɓi akwatin, ya duba ta gilashi, ya dube ta, bai tambaye ta komai ba, Allah Ya saka masa da alheri. Ya sa Auta a tukunya ya ɗaure murfi. Famfon da aka yi shekara huɗu ana jira ya kama aiki, tuk-tuk-tuk-tuk, wuni guda yana zuƙar iska lafiya lau, ko tari bai yi ba. Talata bayan azahar suka fara ƙara wuta. Ɗari huɗu. Ɗari biyar. Da mita ta kai ɗari shida da hamsin Haulatu ta riƙe bakin tebur. Farantin na nan baƙi. Ɗari takwas, baƙi. Dubu, baƙi. Suka wuce inda tsiraran wansa ke tashi, suka wuce inda mai alminiyam ke tashi. Malam Ubale ya ce, "Malama, mu tsaya haka." Ta ce, "Don Allah ƙara kaɗan." A dubu da ɗari bakwai wani ɗan ɗigo kore ya bayyana a kusurwar hagu, bai kai ƙwayar gero ba. Ya yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu. Sai suka ji sautin marigayin na ƙarshe daga cikin tukunya.

Tas!

Allurar mita ta faɗi ƙasa. Dunƙulen da ya rage a tsaye ya ɗauki nauyin da dubbai ya kamata su raba, ya ƙone. Famfon bai san an yi mutuwa ba, ya ci gaba da tuk-tuk ɗinsa har Malam Ubale ya miƙa hannu ya kashe shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iyali suna godiya ga duk waɗanda suka zo jaje, sai dai suna roƙon a rage shawara. Wanda ya ce a leƙa kasuwar Maigatari, wai ba abin da ba a samu a can in an san wanda za a tambaya, mun gode, an san kasuwar. Mai gyaran wayar da ya zo da buroshi da kwalbar sifirit ya ce a ba shi minti biyar, Allah Ya shirye shi, an mayar da shi daga ƙofa. Masu cewa ta ƙirƙiri lambobin awon da kanta, wa zai sani, su sani cewa ba a irin wannan gidan aka haife ta ba. Masu cewa a sake yin wani kuwa, su faɗa mana inda tanderun yake, da inda za a samo wata shidan, da wanda zai tsayar da ranar Litinin. Ta rubuta wa mutanen can ƙasar wasiƙa huɗu a kwana uku. Amsa ɗaya ta zo, cewa malamin da ya karɓe ta ya yi ritaya, ɗakin kuma ya koma wani bincike, amma in jami'arta ta ba ta shekara guda za su duba. Shekara gudan nan ita ce a hannun kwamiti.

Dokar kwamitin a fili take. Ana ƙara wa ɗalibi lokaci in abin da ya same shi ba daga sakacinsa ba ne. Akwai fom, akwai layin da aka ce a rubuta musabbabi. Farfesa ya ce mata ta rubuta gaskiya, shi zai tsaya mata iyakar ƙarfinsa. Ta zauna da biro wuni guda. Ta ga ba za ta iya ɗora wa famfo ba, ranar gwajin ya yi aikinsa. Ba za ta ɗora wa Malam Ubale ba. Sunan mahaifinta kuwa, a ce ya shiga fayil a karanta shi a gaban mutum goma sha biyu suna cije dariya, gara a soke ta sau bakwai. Ta rubuta kalma ɗaya, sakacina, ta sa hannu. Farfesa ya karanta ya ce, "Kin san da wannan kin rufe wa kanki ƙofa?" Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ni na buɗe murfin." Ya jefa takardar a durowa ya ce ba zai miƙa ta ba sai safiyar Litinin, ko za ta sake tunani.

Shi kuwa Malam, kullum da hantsi sai ya sa an kira masa ita. "Yaya aikin?" Ta ce, "Muna kai, Baba." Kwana takwas tana faɗin haka, tana ajiye waya ta shiga ɗaki ta rufe. Abinci ya ƙi shiga. Ta rame har ɗalibanta suka fara tambaya ko ba ta da lafiya. A rana ta tara, Alhamis, ya ce mata, "Muryar nan ba ta mai aiki ba ce. Ki zo yau."

Ta je, ta durƙusa a inda ta durƙusa ran nan, ta faɗa masa komai, tana yi tana neman gafara kamar ita ta shafa. Malam ya ɗaga babban yatsansa yana murza shi da ɗan'uwansa.

"Kin san haka zai faru tun kafin in taɓa?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ki hana ni?"

"Ban iya ba."

"Addu'a ai ba ta bukatar a buɗe mata murfi, Haulatu. Da daga nan zan yi, ta same shi a birni." Muryarsa ta karye, abin da ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka binne mahaifiyarta. "Na koya miki karatu, na koya miki ladabi, ban koya miki yadda za ki ce mini a'a ba. Wannan shi ne laifina na farko. Yatsa na biyu ne."

Da ya ji abin da ta rubuta a fom sai ya ce a kira masa Zulkifli, ya tambaye shi ko motarsa za ta kai birni.

Marigayin ya bar uwar riƙonsa, wadda har yanzu in ta ji an yi tsawa sai ta miƙe za ta rufe taga, sannan ta tuna ta zauna. Ya bar babi huɗu da aka kammala, da babi na biyar mai take da fararen shafuka. Ya bar littafin awo mai gida huɗu, uku cike, na huɗun da layi ɗaya tak da aka rubuta shekara huɗu da suka wuce. Ya bar ɗan hantsaki, da safar hannu, da rabin gwangwanin 'yan ƙullin takalma da ba a san abin da za a yi da su ba. Ba ma roƙa masa gafara, domin bai saɓa wa kowa ba. Masu rai ne ke bukatar addu'a.

Game da jana'iza, ba za a yi masa wanka ba, ruwa ya riga ya yi abin da zai yi. Ba za a binne shi ba tukuna, sai an kai shi gaban kwamiti sun gani da idonsu. Za a tashi daga Ɗanzomo ranar Litinin bayan sallar asuba, a mota ɗaya. Za a tsaya a Gumel a ɗauki babi huɗun nan, a wuce ta Gagarawa wajen ƙarfe bakwai. Masu son yin rakiya su tsaya a bakin hanya su ɗaga hannu ya wadatar, motar ba za ta tsaya ba. Zaman karɓar gaisuwa sai an dawo, kuma ba mu san irin gaisuwar da za a karɓa ba.

Malam Dalhatu ne zai zauna a gaba. Rabonsa da wuce Gumel shekara goma sha huɗu, ba ya jin Turanci, ƙafarsa ba ta son dogon zama. Farfesa ya ce a dokar kwamiti babu inda aka ce uba ya shigo, kuma bai san ko za a bar shi ba. Malam ya ce ba komai, a shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa, duk wanda ya fito zai faɗa masa cewa shi ya kashe, 'yarsa ba ta da hannu, a rubuta sunansa cikakke. Haulatu ta roƙe shi da kuka kada ya je. Ya ce yanzu kam ta iya faɗa, amma ta makara.

Shi ya ce a ba shi akwatin ya riƙe a hanya, bayan ya sa an ɗaure murfin da zare ninki uku. Iyali suna roƙon duk wanda ya gan shi kada ya tambaye shi dalilin abin da zai gani. Tun ranar Alhamis, in dai akwatin na cikin ɗakin da yake zaune, Malam yakan ja bakin rawaninsa ya rufe baki, kuma in zai yi wa 'yarsa addu'a sai ya juya fuskarsa wajen bango.